Tambayi Likita: Ya Warke Daga Ebola, Yanzu Yana Neman 'Yata

Wasiƙu uku na ɗauko wannan karon, kuma kamar yadda muka saba na cire sunaye. Ta Alhaji na fara da ita don ita ce ke da aure a kanta.

Tambaya: Likita, assalamu alaikum, ya aiki, ya iyali? Ni ɗan kasuwa ne a Kano, goro nake saye da sayarwa tun zamanin mahaifina. Ina da aboki Bahaushe a Saliyo, mun fi shekara talatin muna hulɗa. Ɗansa ya zo ya zauna wurina shekara biyu, yanzu yana neman 'yata, ita ma tana so. Kafin manya su shiga maganar, da kansa ya same ni bayan isha'i ya ce akwai abin da ba ya so in ji a bakin wani. A 2014 ya kamu da Ebola, ya kwanta a sansanin jinya, Allah ya tashi kafaɗunsa, amma mahaifiyarsa da ƙanwarsa can suka rasu. Uwar yarinyar da ta ji sai ta ce ai an faɗa a rediyo cutar ba ta barin jikin namiji, matarsa yake shafa wa. Tun daga ranar babu mai barci a gidan. In ba shi ko in hana?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kai haske kabarinsu. Kafin komai, yaron nan ya yi abin da manya da yawa ba sa iyawa. Babu wanda ya san sirrinsa a Kano, da ya yi shiru da an ɗaura aure an ci goro an watse. Ka riƙe wannan a ranka yayin da kake karanta sauran bayanin.

Abin da Hajiya ta ji yana da tushe, sai dai an yanke masa wutsiya. Mai Ebola ba a sallamarsa sai an gwada jininsa ba a ga ƙwayar cutar ba, wato garkuwar jikinsa ta share jinin tas. Amma akwai wasu 'yan wurare a jiki da Allah ya kewaye da shinge, garkuwar ba ta kutsawa da ƙarfinta: cikin ido, da ƙwaƙwalwa da lakar baya, da mabiyiya ga mai ciki, sai 'ya'yan maraina. Na maraina hikimarsa a fili take. Ƙwayoyin haihuwar namiji ba sa samuwa sai ya balaga, alhali garkuwar jiki tun yana jariri ta gama koyon wane ne ɗan gida wane ne baƙo. Da za ta yi ido huɗu da su, baƙi za ta ɗauke su ta far musu, mutum ya rasa haihuwa. Sai aka yi wurin kamar gidan da aka rubuta wa "ba shiga" a ƙofa. To ka ga in ɓarawo ya samu ya haura cikin irin wannan gida, 'yan sintiri na iya tsabtace unguwa gaba ɗaya shi yana kwance a ciki. Haka ƙwayar Ebola take yi, kuma hanyar fitarta daga nan ita ce maniyyi.

Likitoci sun daɗe da sanin wannan. Tun 1967, a garin Marburg na Jamus, wani da ya warke daga cutar Marburg, 'yar'uwar Ebola ce, ya sa wa matarsa ita bayan kusan wata uku. A 1995 kuma, lokacin annobar Kikwit a Kwango, an samu ƙwayar Ebola da ranta a maniyyin wani mutum kwana 82 bayan fara ciwonsa. Shi ya sa da annobar Afirka ta Yamma ta ɓarke, abin da ake gaya wa maza ranar sallama shi ne su ƙaurace wa iyali ko su sa kororon roba na wata uku. Wataƙila abin da aka gaya wa yaron naka ke nan. Lissafin ya rushe a watan Maris na 2015 a Monrovia, babban birnin Laberiya. Laberiya ta yi kusan wata guda babu sabon mai cuta, ana murna, sai ga wata mata 'yar shekara 44 ta kwanta ta rasu. Ba ta yi tafiya ba, ba ta yi jinyar kowa ba, ba ta taɓa gawa ba. Sai dai ta sadu da wani mutum da ya warke, kwana 179 bayan fara ciwonsa, kuma da aka gwada maniyyinsa aka ga ƙwayar da ke ciki zubinta ɗaya da wadda ta kashe ta. Shi bawan Allah wata ukun da aka ce masa ya cika, har ya ninka.

Daga nan aka zauna aka yi bincike sosai a Saliyo, kan maza 220 da suka warke. Ga yadda abin ya tafi, kuma ina so ka lura da gangarar. Waɗanda ba su wuce wata uku da sallama ba, dukkansu an ga alamar cutar a maniyyinsu. Daga wata huɗu zuwa shida, kashi 62 cikin ɗari. Wata bakwai zuwa tara, kashi 25. Wata goma zuwa sha biyu, kashi 15. Wata sha shida zuwa sha takwas, mutum ɗaya cikin 25. Daga wata sha tara zuwa sama ba a samu ko ɗaya ba cikin waɗanda aka gwada. A Laberiya an lura cewa waɗanda suka haura shekara arba'in ne abin ya fi daɗewa a jikinsu. Wannan ita ce wutsiyar da ba ta iso kunnen Hajiya ba: jiki yana share wurin a hankali, kuma mafi yawan maza sun fita kafin shekara ta zagayo.

Akwai 'yan tsiraru da abin ya zarce. A farkon 2016 cutar ta sake tashi a Koropara, cikin yankin Nzerekore na Gini, aka bi sawunta har kan wani mutum da ya sa wa wata ita kimanin kwana 470 bayan ciwonsa, maniyyinsa kuma yana nuna ta har kwana 531. Wani binciken a Laberiya ya ga alamarta wata 40 bayan warkewa. Wanda ya fi ba masana mamaki shi ne na Fabrairun 2021, a Gueke, nan dai yankin Nzerekore, inda mutum 12 suka rasu. Da aka duba zubin ƙwayar, sai aka ga ta 2014 ce da ɗan canji kaɗan. Ƙwayar da ke yawo daga mutum zuwa mutum ko a jikin dabba tana sauya kama da sauri, ita kuwa wannan kamar an ajiye ta a ɗaki ne tsawon shekaru. Shi ya sa masana suka karkata ga cewa a jikin wani wanda ya warke ta kwanta. Ina kyautata zaton labarin da Hajiya ta ji ke nan.

Yanzu mu ɗora a sikeli. Mutum fiye da 28,600 suka kamu a annobar Afirka ta Yamma ta 2014 zuwa 2016, fiye da 11,300 suka rasu, kimanin dubu goma sha bakwai suka tashi. Dubbai daga cikinsu sun yi aure, sun haihu, 'ya'yansu suna makaranta yau. Lokutan da aka tabbatar wani ya sa wa wani ta hanyar kwanciya ƙalilan ne, kuma kusan dukkansu a shekara ɗaya zuwa biyun farko ne. Naka yana saurayi ya kamu, ya kuma haura shekara goma da tashi. Haɗarin da ya rage a kansa ƙanƙane ne ƙwarai, kuma akwai hanyar da za a duba ko da wannan ɗin.

Ka tambaye shi ko an taɓa gwada maniyyinsa. Bayan abin da ya faru a Monrovia, ƙasashen uku, wato Gini da Laberiya da Saliyo, sun buɗe shirin gwada maza da suka warke, kuma ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a fara gwaji wata uku bayan fara ciwo, a ci gaba duk wata har sai ya fito babu komai sau biyu, da tazarar aƙalla mako guda. Ana neman sau biyu ne don a wasu mazan takan ɓace yau ta sake bayyana gaba. In yana da takardar hakan, magana ta ƙare. In ba shi da ita, ya je wurin likitan cututtuka masu yaɗuwa a asibitin koyarwa ya ba shi tarihinsa, likitan ne zai nemi ɗakin gwaje-gwajen da ke aikin Ebola, ko kuma ya yi a Saliyo in zai je ganin gida kafin biki. Ba gwajin da ake yi a shagon bakin titi ba ne. Da ma tun 2024 dokar jihar Kano ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, na ƙanjamau da ciwon hanta da jinsin jini, don haka wannan ƙari ɗaya ne a kan abin da za a yi.

Ra'ayina, Alhaji, in ka yarda da addininsa da halinsa, kada Ebola ta hana ka ba shi. Abu biyu nake roƙo. Ita yarinyar a gaya mata komai, don jikinta ne. Sannan maganar ta tsaya tsakaninku, kada ta fita gidan biki. Yaron da ya binne uwa da ƙanwa a annoba ɗaya bai kamata a wayi gari ana janye tabarma in ya zauna ba.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Daga jihar Bauchi nake, mu biyu ne wurin maigida. Ya yi zazzaɓin Lassa, mako uku ke nan da sallamo shi. A asibiti sun ce ya haƙura da iyali ko ya sa roba har wata uku. Shi kuma ya ce ya warke sarai, roba ta mazinata ce, ba za ta shiga gidansa ba. Abokiyar zamana tana da ciki wata bakwai. Ni kunya nake ji in yi masa magana, kada ya ce gudunsa nake. Shin Lassa ma tana ɓuya kamar yadda ake cewa Ebola na yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa maigida lafiya, ya sauki abokiyar zamanki lafiya. Wasiƙarki ta fi ta Alhaji gaggawa, shi nasa shekara goma ne, naku mako uku.

Lassa da Ebola ƙwayoyi ne daban. Lassa daga fitsari da kashin ɓera take zuwa, sunanta ma daga garin Lassa na jihar Borno aka samo shi a 1969, kuma duk rani muna ganinta a Bauchi da Taraba da Edo da Ondo. Amma a ɓuya cikin maraina halinsu ɗaya. Binciken da aka yi kan waɗanda suka warke a Irrua ta jihar Edo ya ga alamarta a maniyyi watanni bayan jini ya tsarkaka, kuma an samu waɗanda suka kamu ta hanyar kwanciya. Abin da asibiti suka faɗa gaskiya ne. Maigida yana jin ƙarfi a jikinsa, kuma ba ƙarya yake ba, amma jin ƙarfi ba ya nuna abin da ke cikin wancan wurin.

Hankalina ya fi tashi kan mai cikin. Lassa a watannin ƙarshe na ciki muguwa ce, sau da yawa tana tafiya da ɗan, wani lokaci da uwar. Ita kam ni shawarata a ƙaurace gaba ɗaya har ta haihu ta yi arba'in, sannan a koma asibiti a ji ko lokaci ya yi. Kuma dole ta san dalili. Ki same ta ku yi magana, bakinku ya zama ɗaya, don in ke kin ƙi ita ba ta sani ba, kin kare kanki ne kawai.

Batun roba ta mazinata, na sha jinsa a ɗakin duba marasa lafiya, kuma na lura namiji ya fi karɓar amsarsa daga bakin namiji. Ku koma da shi asibitin ranar da aka ba shi, ki roƙi likita namiji ya keɓe da shi. In akwai malami ko aminin da yake jin maganarsa, shi ma hanya ce. Malamanmu kullum suna karanta mana hadisin da ya hana cutuwa da cutarwa, kuma miji da ya sa roba don kada ya cutar da matarsa ta sunna yana cikin wannan. Kada a ce za a maye gurbinta da azalu, wato zubarwa a waje, don ruwan da ke fitowa tun farko ma ba abin yarda ba ne. Rabon kwana ya ci gaba yadda yake, mai girki ta yi girkinta, a ci tare, a yi hira, a kwana ɗaki ɗaya. Hakan zai nuna masa ba gudunsa kuke ba.

Akwai abin da ba a cika faɗa a asibiti ba saboda kunya, alhali mata ne ke ɗaukar nauyinsa. Namiji yakan yi mafarki, kuma ke ko ita ce mai wanke wando da zanin gado. A jiƙa su cikin ruwan sabulu da ɗan bilic kafin a sa hannu, mai ciki ko mai rauni a hannu kada ta taɓa, kuma kada a ba yara wankin. Shi ma ya wanke hannu da jikinsa da sabulu, ba ruwa kawai ba. Robar da aka yi amfani da ita a ƙulle bakinta a jefa masai. Kada ta je bola, don na ga yara sun tsinto suna hurawa kamar balan-balan. In ɗayanku ta ji zazzaɓi cikin mako ukun da suka biyo bayan saduwa, musamman wanda maganin maleriya bai taɓa ba, ta tafi asibiti ranar, kuma tun daga bakin ƙofa ta ce mijinta ya yi Lassa.

Tambaya: Anti Likita, ni ɗaliba ce a makarantar koyon jinya a Damagaram. Kullum maganar maza ake. Mace fa in ta warke daga Ebola? Kuma za a iya cin abinci kwano ɗaya da wanda ya warke?

Amsa: Ɗiyata, ki ci da shi, ki gaisa da shi, ya shiga sahu a masallaci, ya yi aski inda kowa ke yi. Wanda jininsa ya tsarkaka ba ya sa wa kowa cutar ta musafaha ko gumi ko zama kusa. Ina nanata wannan don na ga abin da tsoro ke sa mutane. A Agustan 2014, bayan cutar ta shigo Legas ta hannun wani matafiyi daga Laberiya, da asuba wayata ta dinga ƙara, 'yan'uwa suna cewa in tashi yara a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Akwai waɗanda gishirin ya kashe a ranar, a garuruwan da Ebola ba ta taɓa zuwa ba. Mutum 20 suka kamu a Najeriya gaba ɗaya, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Stella Adadevoh da ta hana matafiyin fita daga asibiti, kuma abin da ya kashe wutar shi ne bin sawun waɗanda suka taɓa marasa lafiya.

Mace ba ta da mafaka irin ta maraina. A Kikwit an ga alamar cutar a ruwan gaban mace kwana 33 bayan fara ciwo, wanda bai kama ƙafar na maza ba. Wurarenta biyu ne. Wadda ta kamu tana da ciki, ko ta warke, ruwan ciki da mabiyiya na iya riƙe cutar, don haka haihuwarta a asibiti ce da cikakkun kayan kariya. Cikin da aka ɗauka bayan warkewa ba ya cikin wannan. Na biyu nono. A Gini a 2015 wata jaririya 'yar wata tara ta rasu da Ebola, aka samu cutar a nonon uwarta, alhali uwar ba ta kwanta ciwo ba. Mai shayarwa da ta warke ana gwada nononta, sai ya fito babu komai sau biyu ta mayar da yaro.

Tun da aikin jinya za ki yi, ki san cewa ɓoyayyiyar cutar takan cutar da mai ita kansa. Dakta Ian Crozier, ɗan Amurka da ya kamu a Kenema ta Saliyo, wata biyu bayan jininsa ya tsarkaka idonsa na hagu ya kumbura har ya sauya launi, aka ja ruwan cikin idon aka same ta da ranta, amma hawayensa babu komai. Pauline Cafferkey, ma'aikaciyar jinya 'yar Sikotlan, ta dawo asibiti wata tara bayan warkewa da sanƙarau, cutar ce ta farfaɗo a ƙwaƙwalwarta. A ƙarshen 2019 a Kibu ta Arewa, cikin Kwango, wani ɗan acaɓa ya sake kwanciya wata shida bayan ciwonsa na farko, daga kansa mutum 91 suka kamu. Irin wannan ba ya yawa, amma wanda ya warke in ya zo miki da zazzaɓi ko matsanancin ciwon kai ko jan ido, ki sa safar hannu ki kira likita kafin ki ɗebi jini.

Kuma ki saba da tambayar duk mai zazzaɓi inda ya je cikin mako ukun da suka wuce, da ko shi ko wani a gidansa ya taɓa yin Ebola ko Lassa, da watan da aka sallame shi. In mace ce, ki tambayi na mijin. Ki fitar da 'yan rakiya daga ɗakin tukuna, sannan ki yi tambayar.